Yashin Bakin Sito

Shekara talatin da ɗaya, kafin a buɗe ƙofar siton hatsi da safe, sai Baba Mai Yashi ya durƙusa a bakinta ya yi karatunsa. Kowace yamma in leburori sun tashi, yakan share bakin ƙofofin nan huɗu, ya barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi, ya lailaye shi da bayan tsintsiya har ya yi sumul. Da safe duk abin da ya ja ciki ya shiga ko ya fita ya bar alamarsa. Layi mai faɗi, miƙaƙƙe kamar an ja buhu, wannan macijiya kasa ce. Siriri mai tafiya a karkace, kububuwa ce, kuma ita ba a wasa da ita. Baba zai miƙe ya kaɗe gwiwa, ya ce da leburori, "Ku bar jerin bayan nan sai na duba." Wata ran kuma ya ce, "Ku shiga, yau ba baƙo." Sai ka ga ƙarti sun faɗa ciki suna rungumar buhu hankali kwance.

A takarda mai shara ne, kuma har ya bar aiki ba a canza masa wannan suna ba. Kayan aikinsa na gaske uku ne: doguwar ƙugiya ta ƙarfe da maƙeri ya lanƙwasa masa, tsohon tabaran masu walda saboda gamsheƙa mai tofa dafi a ido, da buhu mai kauri. Ba ya kashe maciji. In ya kama sai ya ɗaure buhun a bayan kekensa, ya tuƙa har inda gidaje suka ƙare, ya sake shi. Guda ɗaya ce bai taɓa fitarwa ba, wata mesa da ke kwance ƙarƙashin katakon da ake jera buhuna. Tsohuwa yake ce mata. Mesa ba ta da dafi, ɓera take ci, kuma tsawon zamanta a siton nan da wuya ka ga buhu da huji. "Abokiyar aikina ce," in ji shi, "ta ma fi wasunku zuwa aiki a kan lokaci."

Waɗanda suka ga aikinsa suna nan da rai. Malamar makarantar da ke bayan siton ta ce ba za ta manta ranar da gamsheƙa ta fasa kai a ƙarƙashin kabad ɗin ajinta ba, da yara arba'in a ciki. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malama, kar kowa ya yi gudu. Ki kira su ɗaya ɗaya da suna, kamar kina kiran rajista." Haka aka yi har ajin ya zama wayam, sannan ya sa tabaransa ya shiga. Mai wankin layinsu kuwa har yau in ta tuna sai ta yi ƙwalla. Kububuwa ta sari ƙaninta a dunduniya, jama'a sun taru, wannan ya kawo reza zai tsaga, wancan ya kawo robar taya zai ɗaure ƙafar tamau. Baba ya ture su duka. Ya ɗaura masa sanda a ƙafar don kar ta motsa, ya sa aka ɗauke shi cak zuwa asibiti. Yau ƙanin nan da ƙafarsa yake taka keken ɗinki.

Kai ne wanda ake kira da gudu, Baba, kuma kai ne wanda ake gudu bayan ka gama. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni takaici a labarinka. Mutumin da ka cire wa maciji daga banɗaki zai yi maka godiya daga nesa, hannunsa a aljihu. Mai shayin bakin titi ya ware maka kofi naka kai kaɗai, wai kar dafi ya shafi na mutane. Mata na janye 'ya'yansu in ka wuce da buhu. An ce asiri gare ka, an ce kana magana da su. Ka gaji da faɗin cewa ido ne kawai da haƙuri, amma wa zai saurara? Matarka kan yi maka ba'a ta ce, "Malam, macizai ma sun fi mutanen nan gaishe ka." Kana dariya, ita ma tana dariya, ku biyun kun san ba abin dariya ba ne.

Ido ne kawai da haƙuri, sai kuma idon ya fara tafiya. Yanar ido ta rufe masa na dama, na hagu ma ya soma hazo. A 'yan shekarun nan da yatsa yake karanta yashin, yana shafa gefen layin a hankali. Likita ya ce sai an yi aiki. Daidai lokacin aka kawo sabon manaja, saurayi mai ilimi, mai son tsafta, wanda ko ƙura ba ya bari ta hau takalminsa. Ba mugu ba ne, kar a ɗauki alhakinsa. Maciji ne ya kashe gwaggonsa yana ƙarami, a gaban idonsa, kuma bai taɓa warkewa daga wannan ba.

Ranar da Baba zai tafi asibiti ya sami manajan a ofis, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, alfarma biyu nake roƙo. A bar yashin bakin ƙofa, a bar Tsohuwa."

"Wace tsohuwa kuma?"

"Mesar da ke ƙarƙashin katako. Ba ta taɓa kowa ba. Ita ke tsare mana hatsi."

Manaja ya ajiye biro. "Baba, kana nufin akwai maciji a wurin da muke ajiye abincin mutane, kuma ka sani?"

"Shekara ashirin kenan, ranka ya daɗe."

"To, na ji. Je ka, Allah ya ba da lafiya."

Kwana goma sha biyu ya yi a asibiti. Ya dawo da filasta a ido, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Tun daga bakin ƙofa ƙafarsa ta gaya masa: siminti ne tsura, an wanke shi yana ƙyalli, wai yashi ƙazanta ce. Leburori suka kewaye shi suna yi masa barka, suna rige-rigen nuna masa hoto a waya. Ya kawo wayar dab da idonsa mai sauran gani. Tsohuwa ce a miƙe a tsakar fili, kanta a fashe, mutum shida sun jeru a bayanta suna washe baki. A tsakiya ga Injin, leburan da ke ɗaukar buhu biyu a tashi ɗaya, ya ɗaga shebur sama.

"Ni na gama da ita, Baba!" in ji Injin. "Duka uku kacal."

"Ina kuka binne ta?"

Aka kwashe da dariya. A bola aka jefa ta. Baba ya lallaba ya zauna a kan sikelin awon buhu, ya yi kuka, kukan da likita ya hana shi saboda ɗinkin idonsa.

Ba a yi wata biyu ba ɓera ya mamaye siton. In ka ɗaga buhu sai hatsi ya zubo kamar ruwan famfo. Aka zuba guba, ta kashe kyanwoyin maƙwabta, ɓeran kuwa ko a jikinsa. Baba ya koma ofis ya ce inda ɓera ya yi yawa, masu dafi za su biyo shi, a bar shi ya mayar da yashinsa. Aka ce masa masu duba tsafta za su zo, ya yi haƙuri. Ya yi haƙuri. Kullum da safe yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallon simintin da ba ya gaya masa komai, leburori na wuce shi suna shiga.

Wata Talata da hantsi Injin ya zura hannu tsakanin buhu biyu. Gamsheƙa ce ta sare shi. Baba ya hana a tsaga, ya hana a ɗaure, ya sa aka tafi da shi asibiti, sannan ya ɗauki ƙugiya ya shiga. Ya gan ta, amma biyu ya gani, kuma ya kai wa wadda ba ita ba. Ƙarfe ya daki siminti, macijiya ta sulale cikin buhuna. Bai taɓa kuskure ba sai ran nan. Ya fito ya cire tabarau, ya ce da 'yarsa da ta kawo masa abinci, "Na gama, 'yar nan." Injin ya rayu, amma hannun ya ruɓe, sai da aka yanke masa yatsu uku na dama.

Makon jiya aka yi bikin sallamar Baba. An jera kujerun roba, an raba lemo, an ba shi agogon bango wanda ba zai iya ganin lambobinsa ba. Da aka ce ya yi magana, sai ya ɗora ƙugiyarsa a kan tebur.

"Ba ni da jawabi. Wannan ƙarfen nake nema wa hannu. Wata uku ya isa in koya wa mutum abin da na sani. Wa zai karɓa?"

Manaja na kallon takalminsa. Samari masu ƙarfi na danna waya. Can daga baya sai hannu ɗaya ya tashi. Baba bai gani ba, 'yarsa ce ta raɗa masa, fuskarsa ta washe, ya ce, "Wane ne? Ya matso." Injin ne. Ya zo har gaban tebur, ya kai hannun nan mai bandeji ya kama ƙugiyar da yatsu biyun da suka rage. Ta kuɓuce ta faɗi. Ya sake, ta sake faɗuwa. Ya ce, "Baba, ka yafe mini." Baba ya laluba ya riƙe hannun, ya daɗe bai sake shi ba. Ba wani hannu da ya sake tashi.

Mun gode, Baba Mai Yashi. Mun gode da ƙafafun da ba a yanke ba, da yaran da suka fito aji lafiya, da hatsin da muka ci ba mu san wa ya tsare shi ba. Kai ka koya mana cewa a cikin macizai akwai mai kisa, akwai mai gadi, kuma mai tsoro ba ya tsayawa ya bambance. Allah ya saka maka, domin mu dai ba mu saka ba.

Ku kuma masu karatu, ba na jin a cikinku akwai mai zuwa, amma zan faɗa ko don in fita haƙƙinsa. Yana nan da rai, ƙofarsa a buɗe take, iliminsa na nan a kansa bai rubuta ko'ina ba. In ba za ku ɗauki ƙugiya ba, ku je ku ji yadda ake gane mai dafi da marar dafi, ku miƙa masa hannu ku gaisa. Har yanzu kowace yamma yana barbaɗa yashi a bakin ƙofar gidansa, da safe ya durƙusa ya shafa. Matarsa ta ce jiya ya daɗe a durƙushe, ta tambaye shi ko maciji ne ya wuce. Ya ce a'a, sawun mutum yake dubawa, ko wani ya zo neman ƙugiyar bai same shi ba.