Saƙon da Ke Jiran Jabiru a Bakin Teku

Mun tashi da asuba daga Dutse, ana sallame salla, ni da maiɗakina da wani maƙwabcina da ya ce shi zai ja motar, don ya ga alamar idan na riƙe sitiyari a yadda raina yake, a rami za mu yi karin kumallo. Aujara muka nufa, daga can kuma mu gangara rugar su mijin yayata, Allah Ya jiƙansa. Ba gaisuwar mutuwa ta kai ni ba, wannan na yi ta har an yi bakwai da ni. Faɗa na tafi yi, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Ga abin da ya faru. Yayata tana da ɗan fari, Jabiru, wanda ya yi karatun lantarki a ƙasar waje ya samu aiki a wata ma'aikatar ƙera jiragen yaƙi masu nutso cikin teku. Kafin mahaifinsa ya kwanta ciwo, Jabirun ya kira ni ya ce za su fita gwajin sabon jirgi, kada a neme shi, wayarsa ma a bakin teku za a bar ta sai sun dawo. Bayan tafiyarsa mahaifin ya rasu. Aka kira aka kira, shiru. Lambar kowa ba mu da ita a can sai tasa. Sai baffansa, wan marigayin, ya yanke hukuncin cewa yaro ya ga duniya ya raina asali. Ya ɗauki waya ya yi masa saƙon murya, ya ce ubanka ya mutu, mun binne shi ba kai, baƙin cikinka ne ma ya ƙarasa shi. Kuma don ya nuna bajinta ya turo min kwafi. Na kira shi in ce ya goge, ya kashe min waya. Wato ranar da Jabiru zai fito daga ruwa ya kunna wayarsa, ta bakin zagi zai ji cewa ya zama maraya.

Hanyar Kiyawa lafiya lau take, sai da muka ratse ta Andaza sannan mota ta fara ba da labari. Damina ta ci gefen titi a wurare da dama, masu babura kuwa sai ka rantse da alƙawari suka fito na su shiga ƙarƙashin mota. Gero ya yi kyau bana, dogaye har sun fi mutum, ga riɗi an fara yanka ana jinginawa. A wata mararraba muka tsaya shan koko. Ƙosan mai kokon ya ƙanƙance har maƙwabcina ya tambaye ta ko na masu ciwon haƙori ne. Ta ce ya je kasuwa ya tambayo kuɗin wake da man gyaɗa, in ya dawo sai su yi maganar girma. Suka yi dariya. Ni ko ɗanɗanon kokon ban ji ba.

A mota maƙwabcin nawa ya ce shi ma fa bai gane ba, a zamanin nan wane irin aiki ne zai hana mutum kiran gida? Na ji haushi, amma gara da ya tambaya, don a kansa na gwada bayanin da zan yi wa dattawa. Jirgin nan, kamar yadda Jabiru ya sha faɗa min, injin dizal gare shi da manyan batura. Idan yana kusa da saman ruwa sai ya miƙo bututu ya shaƙi iska, inji ya yi aiki ya caja batura. Idan ya nutsa sai a kashe inji, ya koma tafiya da batir, shiru ƙus. Wannan shirun shi ne makaminsa. Zai iya laɓewa a mashigar teku ko kusa da tashar jiragen ruwa, yana sauraron duk abin da ya gifta, ba wanda ya san yana nan, in ta kama ya saki makami ya nutsar da jirgin da ya ninka shi girma. Shi ya sa ƙasa mai ƙaramin ƙarfi idan ta mallaki irinsa ko kaɗan ne, babba sai ta yi tunani kafin ta matso gaɓarta. Ranar da aka ji motsinsa kuwa, ranar ya zama akwatin gawa. Jabiru ya ce har takalma masu laushi suke sawa, cokali ma ba a son ya faɗi. Mutumin da ke cikin wannan hali ne ake so ya kira Aujara ya ce ya haƙuri!

Mun isa Aujara rana ta ɗan ɗaga, muka sayi goro da sukari, don ko faɗa ka je yi wa manya ba ka shiga hannu sake. Daga nan hanyar burji ce, sai yashi, sai muka bar motar a gindin wata tsamiya muka ƙarasa a ƙafa. Matan rugar suka tare mu da fura da nono mai kauri, irin wanda ba ka samu a Dutse ko nawa za ka biya. Na sha, don fushina da baffa ne, ba da shanunsa ba.

Na same shi a kan buzu da mutanensa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na zayyana masa duk abin da na faɗa a mota, har da zane a ƙasa. Ya saurara yana jan carbi. Da na gama ya ce, “To shi jirgin ba ya tsayawa ne a sha iska? Ko mai kiwo a dajin kudu yana hawa tudu ya nemi sabis.” Na ce Baffa, wannan in ya hau tudu ya gama yawo. Wani dattijo a gefe ya ce shi tun farko ya faɗa a bi a hankali. Ban san inda ya ajiye wannan hikimar ba ranar da ake zagin.

A ƙarshe dai jikin baffa ya yi sanyi, ya zaro wayar daga aljihu ya ce to a goge. Maiɗakina ta fi ni sanin kan waya, aka miƙa mata. Ta duba ta duba, ta ɗago ta dube ni. Lokacin da ake iya janye saƙo ya wuce. Ba ɗaya ba ne ma, a nan na ji cewa wasu ƙannen marigayin sun bi sahu, kowa ya zuba nasa. Na ji kamar in ɗaga murya a gaban manya, abin da ban taɓa yi ba. Na tashi na bar wurin kafin bakina ya ja min abin kunya.

Na shiga wurin yayata, tana zaune cikin takaba. A duk kwanakin nan ba ta ce uffan ba a kan maganar, kuma kun san dalili. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce yaron nan, ko wancan. Ko waya ya kira, sai ta miƙa wa ƙannensa. Ana zaginsa a tsakar gidanta tana ji, kunya ta ɗaure mata baki, su kuma suka ɗauki shirunta a matsayin yarda. Na faɗa mata ba a iya gogewa. Sai ta tambayi maiɗakina, idan ya kunna wayar, na wa zai fara gani? Ta ce mata wanda ya shiga a ƙarshe shi ne a sama.

Ta miƙo hannu. Maiɗakina ta fito da tata wayar ta danna mata wurin saƙon murya, yayata ta kai wayar bakinta. Ta ce, “Jabiru. Jabiru, ni ce. Kada ka buɗe na kowa sai ka gama jin nawa. Allah Ya yi wa babanka rasuwa. Bai tafi da fushinka ba, yana sa maka albarka har ya cika.” Matan da ke ɗakin suka sunkuyar da kai. Ni da na zo da faɗa cike da baki, sai ga ni ina goge ido da hular kaina.

Ta aika a faɗa wa mazan gidan cewa daga yau kada wanda ya sake tura masa ko da sallama ce. Baffa da kansa ya ce an ji.

Muka kamo hanyar dawowa, ba mu hango duwatsun Dutse ba sai la'asar sakaliya. Abin da tafiyar nan ta koya min ba mai daɗi ba ne. Mu mutane ne da idan ba mu ji ɗuriyar mutum ba, mummunan zato muke fara yi masa, kuma yanzu waya ta ba mu damar aika zaton namu ya je ya zauna yana jiran mai shi. Har yanzu raina a ɓace yake, ban kuma ce na huce da baffa ba.

Jabiru ba ya leƙa wannan dandalin, shi ya sa na saki baki. Amma 'yan'uwa da abokansa da ke karanta wannan, ina roƙonku don girman Allah, duk mai lambarsa ya riƙe ta'aziyyarsa tukuna. Ni kawunsa ne, ni ma ban tura tawa ba. Ku bar muryar uwarsa a sama har ya fito.