Sassaƙen Madobiyar Kaka

Jiya wata babbar mota ta wuce mu a hanyar Lolo, shaƙe da gungumen itace. Ƙanshin ɗanyen itacen ya buge ni har sai da na dafa ciki na tsaya. Madobiya ce. Ko ido rufe na san ta.

Muna da guda a ƙarshen gonarmu, inda in ka ƙara taku kaɗan ka shiga ƙasar Benin. Da rani takan zubar da ganye ta yi fure rawaya. In an sare ta, ruwanta ja ne kamar jini. Kakata ta wajen uba ita ce ungozomar garinmu, kuma da sassaƙenta take yi wa masu jego jiƙo. Tana da doka: faɗin tafin hannu kawai take ɗiba, gefe guda, sannan ta shafe wurin da laka don ya warke.

Ranar da Inna ta haifi ƙanena, jini ya zuba da yawa. Da safe leɓenta ya yi fari, ko jaririn ba ta iya ɗagawa. Baba yana ci-rani. Kaka ta duba tukunyar sassaƙe, babu ko ɓarɓashi. Ta ɗauki gatari, ni na ɗauki ƙwarya.

Muna tsakiyar hanya muka ji kukan injin yankan itace. Ban taɓa ganin Kaka tana gudu ba sai ranar.

Mun tarar da baƙi uku, injin ya ci rabin gindin madobiyar. Baffana yana tsaye gefe. Ashe shi ya sayar.

"Kai, don mi ka yi haka?" in ji Kaka.

"Inna, icce na fa. Ko ban saisuwa ba, sata za a yi."

"Matar yayanka na can kwance. In ta tashi, kai mata kuɗɗin ta jiƙa ta sha."

Mai injin ya ce mu ja da baya. Da madobiyar ta faɗi, ƙasa ta girgiza har cikin haƙorana. Kaka ta hau gungumen tana sara ta ko'ina, ita da ba ta ɗibar fiye da tafin hannu. Ba wanda ya hana ta. Ƙwarya ta cika, ta kwance mayafi muka cika. Hannuwanmu jawur. Sai ta ɗebo laka a bakin fadama ta shafe kan kututturen kaf. Baƙin suka yi dariya.

Inna ta tashi bayan kwanaki. Ko jiƙon ne, ko kwananta ne a gaba, Allah Ya sani.

Yau Kaka ba ta raye, ga ni da ciki na biyu. A asibiti sun ce jinina ya yi ƙasa, sun ba ni ƙwayoyi, ina sha, amma tsoro bai bar ni ba. Kututturen nan ya yi toho sau da yawa, awaki suna cinyewa, har na kewaye guda da ƙaya. Bana na je da wuƙa, na gwada tafina a jikinsa. Bai kai ba tukuna. Na mayar da wuƙata na gyara ƙayar.