Addu'ar Shafin Farko

A shekarun da nake gadi a wani kamfanin roba a Sharada, ni ke ba ma'aikata labari lokacin hutun azahar. Akwai wani tsohon littafin hikaya da kusan kowa ya karanta a makaranta. Ni ban yi boko ba, 'yata ce ta karanta mini shi. Sai na riƙa ba su labarin ta bakin wani baran gida, wanda a littafin ba ya cewa komai sai "to". Suka so shi ƙwarai.

Na rubuta shi da ajami, 'yata ta mayar boko, wani mai ɗab'i a Bompai ya buga. A shafin farko na yi yadda malamaina suka koya mini idan mutum zai taɓa littafin wani: na ambaci mawallafin, na ce asalin labarin nasa ne, na roƙa masa gafara.

Wannan shafin lauyan kamfanin da ke da haƙƙin tsohon littafin ya buɗe mana a ofishin mai ɗab'in. Mutum ne mai ladabi.

Ya ce, "Baba, ku da kanku kuka rubuta cewa nasa ne."

Na ce, "To nasa ne mana. Ƙarya zan yi?"

"Ba ku nemi izini ba."

"Mutumin ya rasu, ɗana. Fatiha na yi masa."

Ya murza idonsa, ya ce ko dai a daina sayarwa, ko mu haɗu a kotu.

Da ya fita, mai ɗab'in ya ce, "Malam, mu cire shafin nan, mu canza sunaye da gari. Ba mai ganewa."

Na ce, "Wato in na ambace shi na yi sata, in na ɓoye shi na tsira?"

Ya ce, "Ni dai kar a rufe mini shago."

Na yi ta sintiri neman izinin. Magadan mawallafin a Hotoro suka ce in ga kamfani, kamfani suka ce in ga lauya, lauya kullum yana kotu. Ƙafafuna suka gaji, mai gidana a wurin aiki ya fara ƙorafi.

Cire shafin kuwa na kasa. Na kwana biyu ina istihara, zuciyata ba ta karkata ba. Na gaya wa mai ɗab'in ya yi abin da zai fisshe shi. Aka kwashe littattafan zuwa wani kamfani a Challawa da ke jiƙa takarda yana yin kwalin ƙwai. Na roƙi mai ɗab'in abu ɗaya: a yage shafukan da ke da sunan Allah a ba ni kafin a loda. Ya yi mini wannan.