Ƙararrawar da na ƙi ɗaura wa motata

A lokacin da wannan abu ya faro, ni mutum ne ɗan shekara arba'in da ƴan kai, ina da butik a Tasawa inda nake saida faranten hasken rana, waɗanda muke ce wa fano, da batura da wayoyin wuta. Allah ya buɗa mini, ba na musu, amma buɗin ya zo mini da wani mugun hali: ina son a ce ni ne na fara. Ni na fara sa fanfo mai aiki da rana a unguwarmu, ni na fara kaza, ni na fara kaza. Na rubuto muku ne don abin ya tokare mini ƙirji, kuma ba ni da damar faɗinsa a garinmu, domin mahaifina da bakinsa ya rufe maganar.

Mahaifin nawa tsohon shofer ne. Shekaru masu yawa ya yi yana jan wata ƴar bas tsakanin Tasawa da Mayahi da kasuwannin ƙauye, irin mai zagayayyun fitilu da gajeren hanci, fari a sama shuɗi a ƙasa. Da girma ya zo sai ciwon ido ya kama shi har ganin ya tafi gaba ɗaya, ya koma gidanmu na gado a wani ƙauye cikin karkarar Baudeta. Amma makanta ba ta zaunar da Baba ba. Yana gindin itacen bedin ƙofar gida mota za ta wuce can nesa, ya ce ta wane ce, kuma a gaya masa ya canja mata mai. Hanya ce ta raba gidanmu da masallaci, sau biyar a rana yake tsallaka ta shi kaɗai da sandarsa. Zai tsaya bakin zaure, ya karkata kai ya saurara, in bai ji komai ba sai ya taka. Shekara goma sha ɗaya yana haka, ko babur ɗin kabu-kabu bai taɓa gogarsa ba, kuma duk wanda ya miƙa hannu zai ja shi sai ya sha faɗa.

Wata rana wani abokina mai kawo motoci daga bakin teku ya nuna mini hoton wata mota a wayarsa. Sak ta Baba ce: fitilun nan, hancin nan, har launi biyun. Ya ce sabuwar ƙira ce aka yi wa kamannin ta da, ba ta shan lisansi, wato fetur, da lantarki take tafiya, kuma an ɗan yi amfani da ita. Mutane suka ce haba Alhaji, ina za ka samu kayan gyaranta a nan? Na ce ni da nake saida rana a butik, ai lisansina yana sama kullum. Na saye ta, na ce wa matata don iyali na yi. Gaskiyar magana, don a nuna ni da yatsa na yi.

Ranar da na fara kai ta ƙauye, Baba ya zagaye ta yana shafawa da hannu tun daga fitila har ƙofar baya, yana dariya har da hawaye, yana cewa wallahi ita ce. Sai ya ce a tada ta ya ji muryarta. Na ce ai a tashe take. Sai ya janye hannunsa daga jikinta a hankali. Ni ɗan fari ne, kuma Baba na cikin tsofaffin nan masu kunyar ɗan fari: ba ya kiran sunana, ba ya yi mini faɗa kai tsaye, sai dai ya bi ta bakin ƙanwarsa, gwaggona, wadda ke zaune tare da shi. Ya juya wajenta ya ce ta gaya wa mai motar nan, abin da ke shigowa ba sallama a yi hattara da shi. Na yi murmushi, na ɗauka maganar tsofaffi ce.

A nan ne laifina yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Motar ba bebiya aka ƙera ta ba. In tana tsaye ba ta da motsi, amma in ta fara tafiya a hankali, ko tana ja da baya, akwai wani siririn kuka da take yi don masu tafiya a ƙasa su ji. Kukan nan shi ya zame mini abin kunya. Ƴan tasha suka sa mini tsiya, wai motata kukan sauro take yi. A wani biki mata suka tambayi matata ko gaskiya ne aljanu ke tura ta. Raina ya ɓaci. Ni da na san waya kamar tafin hannuna, na shiga ƙarƙashinta na nemo ɗan abin da ke yin kukan, na zare wayarsa da hannuna. Ba wanda ya sa ni. Na fito ina kakkaɓe riga ina jin daɗi, na ce yanzu ta zama ta manya.

Shekara uku muka yi da ita a haka. Ta yi mana rana, ba na ɓoyewa. Tana kwashe mu duka da ƴaƴa da kaya, ba hayaƙi, ba warin lisansi, surukata mai amai a mota ma ba ta yi a cikinta. Duk lokacin da lisansi ya yi wuya, nakan bi ta gaban masu layi a hankali, gilashi a sauke, don su gan ni da kyau. Ta kuma ba ni wahala. In bazara ta yi zafi baturin ba ya riƙe wuta, rairayin hanyar Gidan Amumune yana shanye cajinta kamar ana zuƙa, sai ta kwana biyu jingine da fanon butik kafin ta cika. Masu gyara kuwa in sun buɗe gabanta suka rasa inji sai su ce Alhaji ka kai ta can inda ka samo ta. Duk hankalina yana kan baturi. Idona kullum yana kan lambar da ke nuna sauran caji, ban taɓa zama na yi tunanin shirun ba.

Kuma Allah bai bar ni ba gargaɗi ba. Da farko zabi ne, su da ko inuwa suka gani sai su watse, na take biyu suna kiwo ba su ɗaga kai ba. Sai wani rago ranar kasuwar Kanan-Bakashe, yana kwance tsakiyar hanya bai motsa ba har na buge shi. Na uku shi ne wanda ya kamata ya farkar da ni. Kusa da wata rijiya, wata mata tana tafe da tulu a kai, ina biye da ita a hankali ina jira ta kauce. Ta waiga ta ga hancin mota a bayanta, ta kurma ihu, tulun ya tarwatse, ta zube a rairayi. Da ta dawo hayyacinta ta ce bawan Allah, wannan motar taka ba ta numfashi ne? Kun san abin da na yi? Na kai maganar majalisarmu muka yi ta dariya. Yau in na tuna dariyar nan sai in ji kamar in tsine wa kaina.

Labarin ya kai kunnen Baba. Da na je gaishe shi, gwaggo ta jawo ni gefe ta miƙo mini wata tsohuwar ƙararrawa ta tagulla, irin wadda ake rataya wa sa a wuya. Ta ce daga akwatinsa ya sa aka fiddo, ya ce a ɗaura a ƙarƙashin motar. Na karɓa hannu biyu, na ce to. Ina shiga mota na jefa ta cikin ɗan akwatin gaba na rufe. Ni da motar da ba irinta a Tasawa, in rataya mata ƙararrawar shanu? Haba! Oda kuwa ba na yi a ƙofar gidan, don a wajenmu ɗa ya tsaya yana danna wa ubansa oda rashin kunya ne. Don haka kullum sai dai in yi sallama a kansa, ya zabura ya ce tun yaushe aka zo. Wata rana ina zaune ya ce wa gwaggo, a da in mai babur ɗin nan zai zo, tun daga rijiyar bakin gari yake jin sa, har ya sa a ɗebo ruwa a ajiye, yanzu kuwa sai dai a ji mutum tsaye a kanka. Ni ne mai babur ɗin, shi nake hawa kafin motar. Na ji sarai, na sunkuyar da kai na yi kamar ban gane ba.

Ranar da abin ya faru kaka ce, na je kwaso rabona na gero. Na shigar da motar lungun da ke gefen zaure, bayanta yana kallon hanya. Muka cika ta da buhuna har suka toshe gilashin baya, ƴar kamarar da ke nuna baya kuwa ta daɗe da dushewa da ƙasa ban goge ba. Aka kira la'asar. Na yi wa Baba sallama yana alwala a tsakar gida, na ce zan yi tawa sallar a Tasawa, don cajin ya yi ƙasa kuma ga nauyi. Na shiga mota, waya ta shigo, na daɗe ina magana. Da na gama, idona yana kan lambar cajin nan, na ja da baya.

Gwaggo tana cikin zaure, ta ga komai. Ta ce ya fito kamar kullum, ya tsaya, ya karkata kai ya saurara, har ya ɗan daɗe. Bai ji komai ba, sai ya taka. Ni kuwa, da yake motar ba ta da ƙara, babu abin da ban ji ba. Na ji sandar ta karye. Na ji wani abu kuma ya karye wanda ba sanda ba ne. Sannan na ji muryarsa yana salati a hankali. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har kabarina zan tafi da sautin nan.

Na kasa jan motata. A tsohuwar motar ɗaukar kaya ta maƙwabcinmu, wadda na sha yi wa dariya saboda hayaƙinta, aka kai shi gidan likita a Tasawa, daga nan aka wuce da mu Maradi. Ƙashin kwankwaso ne ya karye. Da likita ya tambayi abin da ya faru, na buɗe baki zan yi magana, sai Baba ya riga ni. Ya ce tsohon makaho ne ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa ya faɗi. Haka ya gaya wa dangi, haka ya gaya wa liman. Waɗanda suka san gaskiya a ƙauyen suka kama bakinsu saboda shi. Da zagina ya yi, ko ya ɗaga mini hannu, wallahi da na fi samun sauƙi.

Ƙashin ya haɗe bayan watanni, yana takawa da sabuwar sanda. Amma ranar farko da ya ce zai je masallaci, ya tsaya bakin zaure ya saurara, ya saurara, har aka tada salla aka idar, sannan ya juya ya koma ciki. Ya gaya wa gwaggo cewa a da in bai ji komai ba ya san hanya ba kowa, yanzu kuwa in bai ji komai ba a lokacin ne jikinsa ke rawa. Mutumin da ke faɗa in an kama masa hannu, yau shi ke miƙa hannu yana lalube ko akwai wani kusa.

Na maida wayar da na zare, aikin da bai kai shan shayi ɗaya ba. Na fiddo ƙararrawar na ɗaura da igiya a ƙarƙashin motar. Ƴan tasha suna dariya, wai Alhaji ya koma kiwon shanu, ko a jikina. Zuwana na farko da ita, ina shiga gida na tarar da ruwa a moɗa an ajiye gefen tabarma. Baba ya ɗago fuska wajena, ni, ba wajen gwaggo ba, ya ce tun daga rijiya ya ji ni. Ya ce shekara uku ke nan bai ji zuwana ba. Na durƙusa a gabansa na yi kuka kamar ƙaramin yaro, shi kuma ya ce in sha ruwan kada ya yi zafi.

Ba motar nake zargi ba, tana nan ina hawa. Wanda ya ƙera ta ya tuna da makafi, ni da ke da makaho a gida ban tuna ba. Ƴan'uwa, irin waɗannan motoci da babura marasa ƙara sun fara shigowa garuruwanmu, kuma mu mutane ne da ke tafiya da kunne: tsoho, da mai tulu a kai, da dabbar da ke kwance a hanya, duk ƙara suke jira kafin su kauce. Don Allah kada ku kashe wa abin hawanku murya saboda tsoron dariyar mutane. In kuma tsoho ya bi ta bakin wani ya yi muku magana, ku sani kunya ce ta hana shi ya faɗa da ƙarfi, ba don maganar ƙarama ce ba. Ni ya yafe mini tun kafin in roƙa, amma yafiyar ba ta maido masa da hanyarsa ba. Masallacin yana nan inda yake, taku talatin daga zaurenmu, yana jin kiran salla sau biyar a rana, kuma tun daga ranar nan bai ƙara tsallakawa ba.