Turancin da Malam Ya Bar Mini a Kicin

Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Babbar 'yata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye ta jira ni. Na ce mata kada ta gyara mini Turancin da zan faɗa. Ta rubuta shi yadda ya fito daga bakina, domin haka na karɓe shi daga bakin mahaifinta.

Malam, Allah ya jiƙansa, kuku ne. A wani gidan saukar baƙi a Vom ya yi aikinsa, tun yana wanke tukwane har ya zama babba a kicin. Dangina masu shanu ne, kuma sun daɗe suna yi mini tsiya wai na auri namiji mai tuƙa tuwo. Kawuna in ya kawo saniya asibitin dabbobi na garin a duba masa, sai ya tsaya a ƙofarmu ya ce a gaya wa uwargida ya iso, kuma ba ni yake nufi ba. Malam ba ya fushi. Shayi yake fito masa da shi, da burodin da ya gasa da hannunsa. Kawu ya cinye tas, ya kuma nemi na guzuri.

Malam bai taɓa zaunar da ni don ya koya mini Turanci ba. Bakinsa ne ya saba. Yakan dawo gida bayan azahar ya huta kafin ya koma yin abincin yamma, ya iske ni a bakin murhu, ya kife turmi ya zauna. Yana ganin ruwa a wuta sai ya ce boyil, wato a tafasa. Suya ita ce firai. Gashi a cikin obin, murhun gasa burodi, shi ne bek. In miya ta tafaso ana so a janye itace ta ƙarasa a hankali, wannan sima ne. Na ce masa ai mu ma muna da namu sunayen, tun kafin Bature ya zo muke tafasa ruwa. Ya ce gaskiya ne, amma waɗannan kayan aikinsa ne kamar wuƙa da ludayi, da su yake ciyar da ni.

Akwai ƙa'idoji biyu na kicin ɗinsu da ya shigo mana da su gida. Ta farko, in babba ya ba da umarni, na ƙasa da shi zai maimaita kalmar da ƙarfi, saboda ƙarar tukwane da mai kada a ce ba a ji ba. Wannan ta zama mana wasa. Ya ce boyil, in ce boyil, kuku. Yara su yi ta dariya suna kwaikwayonmu. Ta biyu kuwa ba wasa a cikinta: abinci ba ya barin kicin sai kuku ya ɗanɗana. Tes yake ce wa ɗanɗanon. Yana da wani ɗan cokali da ba ya rabuwa da aljihun gaban rigarsa, ko masallaci da shi yake zuwa. Ya taɓa gaya mini cewa ya yafe wa mai ƙona nama, ya yafe wa mai fasa faranti, amma wanda ya fitar da miya ba a ɗanɗana ba, ranar sai ya koma wankin tukwane.

Da ya ajiye aiki muka dawo cikin Jos, muka zauna a unguwar Kongo-Rasha. A nan ne ya matsa mini sau ɗaya tak a rayuwata sai ya kai ni cin abinci a waje. Na ce ina da jikoki, ta yaya zan zauna a gaban maza ina tauna? Ya ce shekara da shekaru yana dafa wa matan wasu suna zaune ana kawo musu, yana so ya ga tasa matar ita ma an kawo mata. Na yafa mayafi na bi shi. Ya zaɓa mana teburin da ke lungu, ya sa na ba mutane baya. Aka kawo takarda, ya ce sunanta menu. Ya bi ta da yatsa yana gaya mini: na buɗe baki shi ne sitata, babban abinci men kos, kayan zaƙi na ƙarshe dizat. Na ce mutanen nan sau uku suke cin abinci a zama ɗaya, shi ya sa ba sa iya daka. Romo ya fara zuwa. Malam ya ciro cokalinsa daga aljihu, ya bar nasu a kan tebur, ya kurɓa sau ɗaya. Ya kira mai kawo abincin a hankali, ya ce ya gaida masa kuku, ya ce masa ya nemi ɗan cokali ya sa a aljihu. Sannan ya juyo gare ni ya ce not mai kof of ti. Haka ogansa na farko yake faɗa in abu bai yi masa ba, ko doki ne, ko mutum, ba sai shayi ba. Na cinye nawa dai, kunya ba ta hana ni ba.

Wata safiya a farkon damina ya faɗi a tsakar gida, buta a hannunsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Muka yi kwanaki a asibiti, aka sallame mu. Fatiha da salati suna fita daga bakinsa sumul, amma ya buɗe baki ya nemi ruwa, ko ya kira ɗaya daga cikin 'ya'yansa, abin ya gagara. Sai ya yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya rufe ido.

Ranar da muka dawo gida na dama masa kunun acca, na ɗebo a cokali na kai bakinsa. Rabi ya shiga, rabi ya gangaro ta gefen da ya mutu, ya zuba a rigarsa. Na sa gefen zanena na goge masa haɓa kamar yadda nake yi wa jariri. Wannan shi ne kuskurena. Ya dube ni, ya juya fuska ga bango. Daga nan bai sake buɗe baki ga abinci ba. Ruwa kawai yake ɗan kurɓa, shi ma sai na fita daga ɗakin.

Mun gwada komai. Na yi gwaten acca mai laushi, na dama fura da nono mai kyau. Maƙwabciyata, 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan masarufi, wadda muke kira Madam, ta yi farfesun kaza ta kawo, ta tsaya a ƙofa tana ce masa Baba ka ci ko kaɗan. 'Yata ta zauna ta yi masa bayani da Hausa, ta koma ta yi da Turanci, hawaye kawai yake yi. Liman ya zo ya yi masa nasiha. Da likita ya duba shi a kwana na huɗu, ya ce in bai fara ci ba zuwa jibi, dole a mayar da shi asibiti a zura masa roba ta hanci. A gabansa aka faɗa. Na ga yadda hannunsa mai lafiya ya damƙe bargo. Na san mutumin nan, in aka yi masa haka zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Washegari gidan ya cika da 'yan dubiya, dole a ba su abinci. Na fere dankalin Turawa na ɗora a kan gawayi a ɗan kicin ɗinmu, wanda ke kallon ƙofar ɗakinsa. Hankalina ba ya jikina, na cika wuta. Tukunya ta tafaso da ƙarfi, murfi yana ta rawa yana ƙara, ni kuma ina zaune ina kallonsa ban ma gan shi ba.

Sai na ji murya daga ɗaki, mai nauyi, amma kalmar a fili.

“Sima.”

Bakina ne ya amsa kafin hankalina ya dawo. “Sima, kuku.”

Na rage gawayin. Na leƙa ɗakin. Ya juyo daga bango, idonsa a kan tukunyar. Na kira surukina da mijin Madam, na ce su ɗauko shi su zaunar da shi a kujera a bakin kicin. 'Yata ta ce Mama akwai sanyi, ga hadari. Na ce ta rufa masa bargo ta ba mu wuri.

Na soka wuƙa a dankali na nuna masa ya nuna. Ya ce diren, na ce diren, kuku, na tsiyaye ruwan. Ya ce mash, na maimaita, na sa muciya na murƙushe. Ya ce bota, wato man shanu irin na Turawa. Ba ni da shi a gidan, amma Madam tana tsaye tana ji, ta ruga shago da zane a hannu ta kawo. Na ɗauko madara zan zuba da sanyinta, ya buga hannun kujera. Ya daɗe yana neman kalmar, ni kuma na tsaya cak kamar yadda na ƙasa yake tsayawa, ban taya shi ba. Da ta zo ya ce hot. Na ɗumama madarar na zuba.

Na kwashe a babban kwano, na ɗauka, na juya kamar zan kai wa baƙi. Ba zan yi ƙarya ba, na san abin da nake yi. Na yi taku ɗaya, na yi na biyu. Ya buga kujerar da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

“Tes.”

“Tes, kuku.”

Na shiga ɗaki na ciro ɗan cokalinsa daga aljihun rigar da ya faɗi da ita. Ban kai masa baki ba. Na sa masa a hannun hagu, na riƙe kwanon a gabansa, na mayar da idona kan gawayi. Na ji ƙarar cokali a jikin kwano. Na ji ya haɗiye. Abin da ya zuba a bargo ban gani ba, kuma ban goge ba.

Ya ce solt. Na barbaɗa gishiri ɗan kaɗan, wanda na san bai isa ba. Ya sake ɗanɗanawa, ya sake cewa solt. Sau bakwai ko takwas muka yi haka. Madam ta juya baya tana share ido da bakin zanenta, tana cewa wannan Baban ya cika iyayi. A ƙarshe ya ajiye cokali ya ce redi, sab, wato ya yi, a kai wa mutane. Baƙi suka ci sauran.

Ba a zura masa robar ba. Daga ranar ban sake ce masa ya ci abinci ba, kuma na hana kowa faɗa. Kullum da safe a zaunar da shi a bakin kicin, ya ba da umarni, in maimaita. Allah ya yafe mini, da gangan nake rage gishiri, in rage sukari a kunu, don ɗanɗanon ya yi tsawo. Ya sani. Wani lokaci yakan dube ni da gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga, ya ce solt tun kafin cokali ya kai baki. Da ya ɗan yi ƙarfi, kwano guda yake ɗanɗanewa. Ranar da 'yata ta dama masa kastad na gwangwani, ya kurɓa ya ture, ya ce not mai kof of ti, dukansa ba gargada. Muka yi dariya har Madam ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya.

Damina biyu ya ƙara a duniya bayan wannan. A cikinsu ya ga auren autarmu, ya riƙe jikoki biyu a cinyarsa. Hausarsa ta ɗan dawo, kalma ɗaya ɗaya, amma yawancin hirarmu da waɗannan kalmomin muka yi ta, kuma sun ishe mu. Duka ba su fi a ƙirga da yatsun hannu da na ƙafa ba. In na tuna yadda nake yi masa gardama a Vom cewa muna da namu sunayen, sai in gode wa Allah da bai sa ya yi shiru ba. Ina gode wa Madam da mijinta. Ina gode wa Malam da ya kife turmi ya zauna kusa da matarsa a lokacin da ake yi masa dariya a kan haka.

Na gama takaba tuni, amma kukan bai gama ba, kuma ba na ɓoye shi. Cokalin yana wurina, a ƙulle a bakin zanena. Jiya ma na ɗora dankali, murfi ya fara rawa, na jira a ce mini sima. Da na ji shiru sai na faɗa da kaina, na amsa, na rage wuta. Gishirin ma sai da na ɗanɗana na ga ban sa isasshe ba.