Malam Dalhatu Furana, Malamin da Aka Yi wa Ƙazafi Saboda Kallo

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Dalhatu a garin Furana ta ƙasar Ikara a shekarar 1961, mahaifinsa Malam Iliyasu manomi, mahaifiyarsa Malama Sabuwa. Ya yi firamare da sakandare a Ikara, sannan ya samu horo a fannin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ya kammala a 1987.

Koyarwa da Iyali

A 1990 ya auri Malama Huseina ta Kudan, a shekarar kuma ya fara koyarwa a wata makarantar aikin lafiya da ke Makarfi. Aƙidarsa ita ce ɗalibi ya ilmantar da idonsa kafin ya ɗora hannu a kan majinyaci. Duk ranar kasuwar Makarfi yakan zaunar da ɗalibansa kusa da masu lodin rake, su nazarci yadda diddige ke sauka, da yadda kafaɗa ke karkata a ƙarƙashin kaya. Yakan ce musu, "Ku bar rubutun nan, ku kalli mutum. Ƙafa ba ta ƙarya."

Ƙazafi

A 2009 ya lura wani dillalin rake, Alhaji Saminu, yana jan ƙafar hagu, hannunsa na hagu kuma ba ya lilo. Bayan doguwar gaisuwa ya ce masa, "Alhaji, don Allah a je a auna jininka, tafiyar nan ba ta yi mini ba." Alhaji ya yi dariya ya wuce. Ba a jima ba ɓarin jikinsa ya shanye.

Maimakon a ce Malam ya yi nasiha an ƙi ji, sai gari ya ɗauka cewa idonsa ne ya kama Alhaji, wai maye ne. Abin takaici, har waɗanda ya duba wa iyaye kyauta suna cikin masu yaɗawa. Makaranta, don tsoron surutu, ta hana shi fita da ɗalibai, dangin mijin da 'yarsa Hanifa za ta aura kuma suka fasa bayan an sa rana.

Duk da wannan zalunci, kusan shekara guda yana zuwa gidan Alhaji yana koya masa tsayuwa da taku, bai karɓi komai ba, da fatan warkewar za ta wanke sunan 'ya'yansa. Ranar da Alhaji ya taka zuwa masallaci, sai aka ce ai ga hujja, wanda ya kama kurwar ne ya sake ta. Alhaji Saminu, wanda ya fi kowa sanin gaskiya, bai taɓa fitowa ya wanke Malam ba.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 2021, ya rasu a Makarfi ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, aka binne shi a Furana bayan la'asar. Tsofaffin ɗalibansa ne suka cika sahu. Alhaji Saminu ya raka gawar har maƙabarta da ƙafafunsa, ba ko sanda.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Salman, Bashir, Mukarrama, da Hanifa, wadda ta gaji aikinsa a Kudan, inda har yau wasu iyaye ke janye 'ya'yansu idan ta kalle su. Allah Ya jiƙansa, Ya bi masa hakkinsa.