Hannun Mai Sayar da Ƙamus

A kasuwar Asabar ta Hobart, Glenys tana kallon wani tsoho mai sayar da tsofaffin ƙamusoshi. Kwat ɗinsa a goge, gashin bakinsa a gyare. Ta rantse malamin makaranta ne da aka yi murnar ritayarsa.

Tsohon ya ɗaga wa wata mai ciniki hula. "Uwargida, kalmar ladabi a Turancinmu daga hannu ta samo asali. Yadda kike riƙe abu, shi ne ladabinki."

Matarsa ta ɗiga shayi kan littafi. Murmushinsa bai gushe ba, amma Glenys tana hango shi ƙarƙashin tebur yana murɗe mata wuyan hannu a hankali.

"'Yan zamani ina suka san wannan?" in ji shi.

Matar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Hannun ya saba.